Kwalba ta Uku

Aikina karɓar miyau ne. Idan na faɗi haka a gidan biki mata sukan fashe da dariya, wata ta ce, "Basira, duk shekarun da kinka yi kina karatu a lakwal, a tarar tohin mutane kinka ƙare?" Nakan taya su dariyar, don ba ƙarya suka yi ba. Malamar jinya ce ni a Birnin Ƙonni, kuma shekara biyu da suka wuce wani furoje mai binciken ciwon sikila, wanda mutanenmu ke kira emasi, ya ɗauke ni aiki. Abin da ake so a wurina ba shi da wuya. Duk yaron da ke da ciwon in samo ƙananan kwalabe uku: miyaunsa, na ubansa, na uwarsa. In liƙa musu lamba, in jera a kula mai ƙanƙara, a kai Yamai. A can ake duba ƙwayoyin gadon da ke ciki, a ga abin da yaro ya ɗauko daga kowanne. Idan ukun suka dace sai a buɗe masa dosiye, wato takardun rajista, ya shiga sahun waɗanda ake ba magani kyauta duk wata, ana kuma auna jininsu. Maganin ba ya warkarwa, amma yana rage tashin ciwon ƙwarai da gaske. Idan ba su dace ba, babu dosiye, babu magani. Ka'idar ke nan, kuma ba ni na rubuta ta ba.

Abu ɗaya nake taƙama da shi a lokacin: ban taɓa haɗa kwalbar wani da ta wani ba. Ina kuma da zuciya a kusa, kowa a buro, wato ofishinmu, ya san haka. Ku riƙe waɗannan biyun, don su suka kai ni inda na je.

Da bazara muka isa wani ƙauye a bayan Tajaye, rana kamar za ta sauko ƙasa. Maigari ya ba ni sunan yarinya guda, Mubaraka, ya ce ubanta Hashimu yana dakon siminti a Malbaza, ita kuma tana gidan Zainabu. Na tarar da ita kwance a inuwar rumbu, shekararta tara amma ka ce shida, idanu rawaya, ƙafafu sirara. Sai dai baki, Allah ya ba ta. Ban gama buɗe jaka ba ta tashi zaune.

"Madam, in na cika kwalbar ina za a kai ta?"

"Yamai."

Ta yi ɗan lissafi. "Ke nan miyauna zai riga ni zuwa Yamai. To ki ce mishi shi jira ni."

Mata biyu ne a tsakar gidan. Babbar, Zainabu, ta zauna ta jingina yarinyar a jikinta, ta shiga ba ni tarihin ciwon tiryan-tiryan: watan da ya fara, sau nawa aka ƙara mata jini, wace ƙafa ce ke fara kamawa in an yi ruwa. Ɗayar, wadda ba ta kai ta shekaru ba, ita ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa a kwanon sha, sannan ta koma bakin madafa ta juya mana baya tana ɓarzar wake. Ko sau ɗaya ba ta ɗaga ido ta dubi yarinyar ba. A raina na ce, wannan kam ba ta da tausayi.

Na ɗauko takarda na tambaya, kamar yadda na saba, da ƙarfi don kowa ya ji. "Wace ce uwarta?"

"Ga ni," in ji Zainabu. "Ɗiyata ta."

"Waccan fa?"

"Ƙanwata, Shatu. Gidanta na nan bayan danga."

Shatu ba ta juyo ba. Ta ce, "Ni ruwa na kawo."

Akwai layi a jikin kwalbar da ake so miyau ya kai, kuma ba a yarda mutum ya ci ko ya sha komai kafin ya tofa ba. Mubaraka ta yi ta fama, zafi ya busar mata da baki, ko rabi ba ta kai ba. Tana shirin kuka sai na ga hannu ya ajiye ɓawon tsamiya a gefen tabarma. Shatu ce. Ta faɗa wa iska, ba ni ba, ba yarinyar ba: "Ba sai an sha ba. Gani kaɗai ya isa, haka take." Ta koma wajen wakenta. Mubaraka ta zuba wa tsamiyar ido, cikin minti biyu kwalba ta cika. Muka yi dariya, na yaba dabarar, na karɓi na Zainabu, na wuce.

Hashimu kuwa a bakin masana'antar Malbaza na same shi, garin siminti ya mai da girarsa fara fat. Na ce, "Mubaraka ɗiyarka ce?" Ya sunkuyar da kai yana murmushi, abokan dakonsa na kallo. Ya ce, "Ta gidanmu ta." Na ce, "Uwarta Zainabu?" Ya ce, "Tana hannun Zainabu." Na rubuta abin da na ga dama na ji, ya tofa, na rufe kwalba.

Bayan mako shida Lokotoro Abdulƙadir, likitan da ke shugabantar aikinmu, ya kira ni buronsa. Mutum ne mai sanyin magana, a Yamai ya tashi. Ya ce sakamako ya zo, kuma akwai matsala. Yaro ba ya kamuwa da sikila sai ya gaji ƙwayar daga uba da uwa duka. Hashimu yana ɗauke da ita. Matar da na kawo miyaunta ba ta da ita ko kaɗan, sauran alamun ma ba na uwa da ɗiya ba ne, ko da yake akwai dangantaka. Ya ce a hankali, "Ina jin kwalabe sun haɗe miki, Madam Basira. Yana faruwa da kowa."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce masa ni ba kowa ba ce, su je su binciki masu wanke kwalabensu a Yamai. Na fita na bugo ƙofa. Kwana goma ina cika ina batsewa kafin na nemi mota. Ina so ku san wannan: a cikin kwana goman nan ban tuna da Mubaraka a matsayin yarinya mai jiran magani ba. Lamba ce da aka ce na ɓata.

Na koma bayan ruwan shuka. Ban ko zauna ba. Yarinyar na ɗaki, ƙafa ta kama ta, ina jin nishinta ta cikin asabari. Na tsaya a kan Zainabu kamar jandarma.

"Ke ce uwarta, ko kuwa?"

Ranta ya ɓaci, kuma tana da gaskiya. "Wa ya goye ta in ba ni ba? Wa ka kwana zaune da ita? Tambayi garin ga duka."

Na sa ta tofa a gabana, na liƙa lamba da hannuna, na ɗauki hoton kwalbar da waya don in toshe bakin Lokotoro. Ina shiga mota sai ga Shatu da ƙwarya, ƙwan zabi a ciki. Motar na tsaye ne a gindin bishiyar bedi inda dattawan gari ke zama, su biyar ko shida, duk sun zuba mana ido. Ta miƙo ƙwaryar ta taga.

"Madam, yarinyar can. Yaushe za a hwara ba ta maganin?"

"Sai na uwa da na uba sun dace da nata."

Ta buɗe baki. Na gani da idona, ta buɗe baki, ta dubi dattawan, ta dube ni. Ni kuwa ina duba agogo, don ina so kula ta isa Ƙonni kafin ƙanƙara ta narke. Sai ta ce, "Allah shi sa su dace." Na ce amin, na ce wa direba mu tafi.

Wannan karon sakamakon ya daɗe, wai wata na'ura ta lalace. Sai ƙarshen watan takwas ya zo, kuma bai canza ko ɗigo ba. Lokotoro bai ƙara cewa na haɗa kwalabe ba. Ya ce wataƙila akwai abin da gidan ba su son a sani, kuma tonon asiri ba aikinmu ba ne. Ya rufe takardun ya sa a durowa.

Da la'asar na biya gidanmu, na tarar da mahaifiyata, Hajiya, tana tsinke zogale. Na zauna na zazzage mata komai, ina zagin mutanen ƙauye da rashin gaskiya, ina zagin Yamai da na'urorinta. Ta bar ni na gama. Hajiya ba ta yi boko ba, kuma ba ta taɓa tambayata me ake yi da miyaun ba.

"Mata nawa kinka iske a gidan?"

"Biyu."

"Ɗayar mi take yi?"

"Ba ta yin komai. Ruwa take kawowa. Ko kallon yarinyar ba ta yi."

Hajiya ta ajiye reshen da ke hannunta. "Ɗiyar fari ta?"

Ban sani ba. Babu wannan tambayar a takardata.

"Malama," ta ce, "wadda ba ta dubi yarinyar ba, ita ta haihe ta."

Malama. Haka take kirana tun da na fara aiki. Kafin nan "ke" ce, ko "waccan". Shekarata talatin da takwas, ni ce ta fari a wurinta, kuma ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Da aka yaye ni kakata aka kai wa, a can na yi wayo. In baƙo ya tambaye ta ko ni ɗiyarta ce, cewa take yi, "Ta gidan nan ta." Kunyar ɗan fari ke nan, a cikinta aka haife ni, a cikinta na girma. Na san ta kamar yunwar cikina. Amma da na sa farar riga na riƙe biro, sai na tsaya a tsakar gidan mutane ina tambaya da ƙarfi wace ce uwa, ina jiran mace ta daki ƙirji a gaban yayarta da dattawan garinsu ta ce ni ce. Tsamiyar ta faɗo mini a rai, da ƙwan zabin. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, tsoro kuma ya biyo bayanta.

Da sassafe muka kama hanya. An yi ruwa, ƙoramar da ke gaban ƙauyen ta cika, muka yi awa uku muna jiran ta janye. Gero ya yi kai ko'ina, gwanin kyau. Ina riƙe da sabuwar kwalba a hannu, ina ta shirya yadda zan ja Shatu gefe, yadda zan roƙi Lokotoro ya sa a gaggauta.

Tun daga nesa na hango tabarmi a ƙofar gidan, maza zaune jere, Hashimu a tsakiyarsu ba garin siminti a fuskarsa. Direba ya kashe mota. Shekaranjiya da hantsi ne, in ji maigari. Zazzaɓi ya haɗu da ciwon ƙirji, aka ɗora Mubaraka a amalanke za a kai ta likitar Tajaye, ba su kai rabin hanya ba.

A cikin gida Zainabu na zaune tsakiyar mata, idanu sun kumbura, ita ake yi wa gaisuwa. Da ta gan ni ta kama hannuna ta fashe da kuka, ta ce yarinyar kullum sai ta tambaya ko Madam ta aiko. Ban ga laifin Zainabu ba, har yau ban gani ba. Shekara bakwai tana ɗawainiya, ba ta yi mini ƙarya ba. Tambayata ce ba ta da kai.

Shatu na bayan danga tana tuƙa tuwon baƙi. Ita kaɗai ce, hayaƙi ya rufe ta. Babu wanda ya zauna kusa da ita, don ba a yi wa uwa gaisuwar ɗan fari a fili, ita ma ba a so a ga hawayenta. Na durƙusa kusa da murhun.

"Shatu, ke kika haife ta."

Ba ta daina tuƙi ba. "Gaban mutane kinka tambaya."

"Na sani."

"Ranar ƙwai na so in hwaɗa maki. Bakina ya ƙi. Na ce in na koma gida in samu wanda za ya kira ki ga waya, sai na rasa mi za ni ce mishi." Ta ɗaga muciya ta mayar. "Da an ba ta maganin, da tana nan?"

Na so in ce a'a, don in sauke mata, in sauke wa kaina. Na so in ce kwana ne ya ƙare. Amma na riga na cuce ta sau biyu. Na ce, "Ban sani ba. Wataƙila." Ta gyaɗa kai, kamar dama amsar da take jira ke nan.

Can ta ce, "Miyaun nata, an zubar?"

Na ce ba a zubarwa. Yana Yamai a cikin sanyin firigo, ana ajiye shi shekaru, da lambarsa.

"Na babanta na wurin?"

"Yana kusa da nata."

"Sai na Yaya."

"Sai na Zainabu."

Ta sauke tukunyar, ta goge hannu a zaninta. "Ki ɗauki nawa. A kai shi inda nata yake."

An rufe takardun, yarinyar na ƙasa, babu abin da kwalba ta uku za ta gyara. Duk na san wannan. Na buɗe jaka na miƙa mata.

Ta juya baya ta kai kwalbar baki. Miyau ya ƙi zuwa. Kwana biyu ba ta sa komai a cikinta ba, ga hayaƙi, bakin ya bushe ƙamas. Ta yi ta ƙoƙari, kafaɗunta na motsi, ko ɗigo bai sauka ba. Ban san lokacin da Zainabu ta zo ta tsaya a bakin danga ba. Ta dube mu, ta koma, ta dawo da wani ƙullin tsumma, ta kwance ta ajiye a ƙasa gaban ƙanwarta. Tsamiya ce, an gutsuri gefe ɗaya, ga sawun ƙananan haƙora.

"A ƙarƙashin matashinta na same ta," in ji Zainabu. "Gani kaɗai ya isa. Wurinki ta gado shi."

A nan Shatu ta zube. Ba ta yi ihu ba, kuka ne irin na wanda bai saba ba, yana fita da ƙyar. Yayarta ta rungume ta, ta juya ta tare ƙofar dangar da bayanta don kada matan tsakar gida su gani. Ni na riƙe kwalbar har ta natsa. Da ta karɓa, ba a daɗe ba miyau ya kai layi.

Na ɗauko sabuwar takarda. Na rubuta sunanta a gurbin uwa. Gurbi na gaba sunan yaro ne, kuma na san shi, na rubuta shi sau biyu a baya. Amma na rage murya yadda mu uku kaɗai za mu ji, na yi tambayar da ya kamata in yi tun bazara.

"Shatu, wa kika haifa?"

Ta daɗe tana kallon tsamiyar. Leɓɓanta suka yi motsi sau ɗaya ba sauti, kamar mai gwada ƙafa a ruwa.

"Mubaraka," ta ce. Ta sake faɗi, a hankali. "Mubaraka. Ɗiyata ta."

Lokotoro bai yi mini gardama ba, ya sa kwalbar cikin kula ta gaba. Ya kuma ƙara layi biyu a takardarmu: wa ya haifa, wa ya riƙa, kuma a tambayi mata a keɓe. Ya ce kada in ɗora wa kaina, ka'idar ce ta yi tsauri. Na gode masa, amma ni na san kwana goman da na yi ina fushi, na san agogon da na duba.

Bayan mako shida, an gama girbi, takarda ta zo daga Yamai. Babu wanda ya sanar da su can cewa yarinyar ta rasu. An rubuta cewa samfuri uku sun dace, a buɗe dosiye, a fara ba da magani daga wata mai kamawa.

Na kai wa Shatu da kaina. Ba ta iya karatu ba, kuma ban karanta mata layin ƙarshe ba. Ta ce in nuna mata inda sunanta yake, na nuna. Ta ce in nuna mata ɗayan. Yana ƙasa da nata kaɗan, tsakaninsu bai kai faɗin yatsa ba. Ta ɗora babban yatsanta ya rufe su duka biyun, ta daɗe a haka. Sannan ta ninke takardar, ta ƙulle a bakin zaninta, ta tashi ta kawo mini ruwa.